Dodon Da Ba A Gani: Tsokaci A Kan Finafinan Cloverfield

A wannan ɗan tsokaci za mu dubi salon fim ɗin Cloverfield na Matt Reeves, wanda ya fito a 2008, da abin da magadansa suka yi da wannan salo.

Jigon fim ɗin tsoro ne. Wani dodo ya auka wa birnin New York cikin dare, mu kuma ba mu ganin komai sai abin da kyamarar hannun wani saurayi, Hud, ta ɗauka yana gudun tsira. An nuna mana kamar tsintar faifan aka yi bayan ɓarna, dabarar da The Blair Witch Project ya shahara da ita a 1999. Ƙarfin salon yana cikin ɓoyewa: wutsiya a nan, ruri a can, kan gunkin 'Yanci yashe a titi. Haka dodon tatsuniya yake, ba a cika siffanta shi ba, zuciyar mai sauraro ke ƙarasa shi.

Da kasuwa ta buɗe, sai magada suka biyo. 10 Cloverfield Lane na 2016 ya ajiye kyamarar hannu, amma ya riƙe sirrin, domin ya kulle mu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa cikin kokwanto. The Cloverfield Paradox na 2018 kuwa ya nemi bayyana mafarin bala'in, sai tsoron ya sane.

A ganinmu, darasin ya shafi ɗalibanmu marubuta: wanda ya fayyace asalin dodonsa ya kashe shi da hannunsa.