Yayin kanta mai lanƙwasa ya iso Jos, saura koyon lanƙwasa katakon

A 'yan shekarun nan kusurwa ta zama abin gudu a kayan ɗaki. Duk wanda ya ratsa shagunan kafintoci daga Ali Kazaure ya ɓulla titin Bauchi zai ga haka da idonsa: kan gado a zagaye, madubi mai siffar ƙwai, teburin talabijin da gefensa ya karkato, sai kuma 'yar kantar bango mai siffar rabin wata da ake kafawa a falo don ɗora turare, agogo ko littattafai. Uwar amarya za ta zo da waya a hannu, ta buɗe hoton da ta gani a Instagram na wani gida a Turkiyya, ta ce, "Malam, irin wannan nake so, kada ka bar mini kusurwa ko ɗaya." Kafinta ya kalli hoton ya ce, "Hajiya, an gama."

Ni dai yayin ya yi mini. Ɗakunanmu na cikin gari ƙanana ne, gida ɗaya iyalai da yawa, yara na kai-kawo, kuma duk mai 'ya'ya ya san abin da kusurwar tebur ke yi wa goshin yaron da ya fara tafiya. Kanta mai zagayayyen baki ba ta kama riga, ba ta tsaga fata, kuma tana sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi. Inda nake da magana shi ne yadda ake samar da wannan lanƙwasar.

Galibin abin da ake gani ba katako ba ne. Allon MDF ne, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse a masana'anta ya zama faifai. Hanya biyu ake bi. Ko dai a zana siffar a kan faffaɗan allo a yanke ta da injin, a zubar da ragowar, ko kuma a tsattsaga bayan allon da zarto layi-layi kusa da juna, a bar 'yar fatar gaba kawai, a naɗe shi, a cike tsagogin da gam, a rufe da fomika ko fenti mai ƙyalli. Ranar jere abin gwanin sha'awa. Amma Jos gari ne na ruwa. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba sama na zuba, bangon gidaje da yawa na jiƙa ta ciki, kantar kuwa a jikin bangon take manne. MDF idan ya sha laima kumbura yake yi, kuma ba ya komawa yadda yake. Bakin ya fara ɓarewa, fentin ya tsage daidai kan layukan zarton nan da aka ɓoye, noti ya daina kamawa domin garin da ya riƙe shi ya saki. In aka yi ƙaura sau ɗaya ko biyu, an kwance an ɗaura, to sai dai a jingine ta a bayan ƙofa.

Ba na ɗora wa kafinta laifin duka. An kawo masa hoto, an ba shi kwana kaɗan saboda biki ya matso, an kuma yi ciniki har an kai shi bango. MDF ba ya da gaɓa, ba ya murɗewa a shago, yana shan fenti sumul, yaron da ya yi wata uku a hannun maigida ma zai iya yanka shi. Wanda ke neman na cefane ba za a ce masa ya tsaya nazari ba. Sai dai abin da nake tsoro shi ne, in aka ci gaba a haka, za a yaye yara da yawa da sunan kafintoci waɗanda ba su taɓa sanin halin icce ba. Sun iya awo, sun iya manna leda a baki, amma ka miƙa musu falanki ka ce ta ina zai tsage, sai su tsaya suna kallonka.

Akwai wata hanyar, ita ce turara katako a lanƙwasa shi. Icce zare-zare ne a jere tsawonsa, kuma abin da ya haɗa zaren wuri ɗaya wani sinadari ne mai kama da ƙaro, masana na kiransa lignin. Idan zafi da laima suka ratsa shi sai ya yi laushi, zaren ya samu damar zamewa a kan juna. A wannan ɗan lokacin ana iya karkata falankin, kuma idan ya huce ya bushe a haka, to a haka zai zauna. Ƙarfinsa yana nan, domin ba a yanke zaren ba, zagayawa ya yi tare da siffar. Wannan ne bambancinsa da yankakkiyar siffa, wadda a wani wurin dole zarto ya ratsa zaren a gicciye, nan ne kuma take karyewa.

Kayan aikin ba su wuce ƙarfin shagon Ali Kazaure ba. Dogon akwati na falanki mai murfi, tukunya ko ƙaramin duro mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar fetur ba, tiyo da zai kai tururin cikin akwatin, da murhun gawayi ko na gas. Duk wadda ta taɓa ɗora dambu a madambaci ta riga ta fahimci tsarin. Ana barin 'yar ƙofa a akwatin don tururi ya riƙa fita, domin toshe shi gaba ɗaya haɗari ne, kuma ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, saboda haka safar hannu mai kauri dole ce. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe da ita ita ce awa ɗaya ga kowane inci ɗaya na kaurin katako. Bakin kantar bango ba ya buƙatar wuce santimita ɗaya, ke nan abin da bai kai rabin awa ba. A nan Jos zan ce a ƙara 'yan mintoci, don garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, tururinmu bai kai na Legas zafi ba.

Wurin da gwaninta take shi ne minti ɗayan da ke biyo bayan buɗe akwatin. Kafin nan an riga an yanka kututturen da ke da siffar da ake so, an kafe shi a tebur. A zaro falankin da zafinsa, a ɗora masa siririn ƙarfe a bayansa mai tokare a kowane ƙarshe, mutum biyu su ja shi a hankali ba tare da tsayawa ba har ya kwanta a jikin kututturen, a ɗaure. Amfanin ƙarfen nan babba ne. Icce na jure matsi sosai amma ba ya jure ja, ɓangaren waje da ya ɗan miƙe kaɗan sai ya fashe. Ƙarfen yana hana bayan miƙewa, sai duk wahalar ta koma ciki inda zaren ke iya takurewa. Ana kuma ɗan wuce siffar da gangan, saboda in an kwance zai ɗan buɗe. Daga nan sai haƙuri, a bar shi ɗaure mako guda ko fiye, a inuwa. Da hunturu a rufa masa buhu, iskar Jos ta watan Disamba in ta buge shi kai tsaye za ta busar da fatar kafin cikin, ya tsattsage.

Wani zai ce wannan aikin Turawa ne. Kafin ya faɗa, ya duba kan kwagirin tsoho, ya duba da'irar da ke riƙe da bakin rariya, ya duba makaɗin kalangu da ya yi ƙugiya. Makiyayi ma da ya sari sanda ya ga ta karkace, a wuta yake gasa ta ya miƙar. Da Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tarbiyya yake nufi, amma daga hannun masu aikin ya ɗauko maganar, kuma daidai take da abin da littattafan kafinta ke faɗa: ɗanyen katako, ko wanda iska ta ɗan busar, shi ke karɓar tururi, wanda aka gasa a tanda ya bushe ƙarau gardama yake yi. Abin da Turawa suka ƙara shi ne mai da sanin nan masana'anta. Michael Thonet, kafinta Bajamushe da ya koma Ostiriya, shi ya fitar da kujerar nan mai lamba 14 a 1859. Gunduwa shida ce ta katakon da aka turara, ana haɗa su da noti goma. Ana cusa kujeru 36 a kwance cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe a aika ƙetare, kuma zuwa 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Har yau ana yin ta. Shi ma talaka ya yi wa kujerar, ta shagunan shan gahawa ce, araha ce ta sa ta bazu.

Akwai ƙorafi na gaske da ba zan kauce masa ba. Thonet da iccen ƙasarsu ya yi aiki, mai miƙaƙƙen zare mai sauƙin kai. Yawancin katakon da ke kasuwar Katako ta Laranto ba haka yake ba. Maɗaci, alal misali, zarensa a sarƙe yake, wani layin ya yi dama wani ya yi hagu, in ka matsa masa ya yi baka mai tsanani sai ya tattare ta ciki ko ya ɓalle ta waje. Wanda ya ce zai turara falankin maɗaci mai inci biyu ya naɗe shi, asarar gawayi kawai zai yi. Shi ya sa nake cewa a fara da kantar bango. Ba ta ɗaukar nauyin mutum, bakinta siriri ne, lanƙwasarta mai faɗi ce. Inda falanki ɗaya ya ƙi, sai a tsaga shi sirara-sirara, a ɗan turara, a bar su su ɗauki siffa su bushe, sannan a haɗa uku ko huɗu da gam a matse a kan kututturen. Wannan ma hanya ce mai asali: Alvar Aalto na ƙasar Finlan da wani haɗi mai kama da wannan ya lanƙwasa ƙafar 'yar kujerarsa mai lamba 60 a farkon shekarun 1930. Ga kuma itatuwan turare da aka daddasa a Filato tun zamanin da ake ƙoƙarin farfaɗo da filayen da haƙar kuza ta lalata. Suna kusa, ana samun su ɗanyu, yawanci kuwa a itacen girki da tokare dakin suke ƙarewa. Iccen turare na da halin tsagewa wajen bushewa, kowa ya sani, amma ya cancanci a gwada shi a akwatin tururi kafin a yanke masa hukunci.

Gwajin nan bai kamata ya zama a kan aljihun kafinta shi kaɗai ba. Muna da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a nan Jos. Hedikwatar ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971, a garin nan take. Ga makarantar koyon sana'a ta gwamnati a Bukuru. Da ɗaya daga cikinsu za ta ɗauki itatuwa goma da ake sayarwa a Laranto, ta turara su, ta rubuta a takarda ɗaya da Hausa wanne ke lanƙwasuwa, a wane kauri, zuwa wane faɗi, ta raba wa ƙungiyar kafintoci, da an rage wa mutane ɓarnar falanki mai yawa. Aikin ɗalibai ne na zango ɗaya.

Amma ko da babu wannan, maigidan shago na iya farawa. Ranar da aiki ya yi sauƙi, ya haɗa akwatin da ragowar falanki, ya sa yaransa biyu su gwada da guntayen da dā za a jefar. Wasu za su karye, kuma a karyewar ne yaro zai gane yadda ake zaɓen falanki marar gaɓa mai miƙaƙƙen zare, ilimin da zai amfane shi ko ƙofa zai yi ko gado. Sannan akwai riba ta fuskar kaya: siffar da za ta cinye faffaɗan allo in yanka ta za a yi, da siririn falanki ɗaya ake fitar da ita in lanƙwasawa za a yi. A lokacin da katako ke ƙara tsada dazuzzuka na ƙarewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

MDF na da wurinsa. Ƙofar durowa, bayan kabad, duk wani shimfiɗaɗɗen abu da ke nesa da ruwa, a yi da shi, babu laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsattsaga shi, a ɓoye tsagar da fenti, a sayar wa uwar amarya a matsayin abin da 'yarta za ta daɗe da shi. In kafinta zai yi hakan, ya faɗa mata gaskiya, ta zaɓa da saninta.

Ke kuma Hajiya, da kai Alhaji mai haɗa wa 'ya kayan ɗaki, rabin gyaran a hannunku yake. In kun je ba da aiki, ku tambayi kafinta da me zai yi lanƙwasar, ku sa ya juya muku bayan samfurin ku gani. In ya ce da katako zai yi, ku ba shi aikin wata guda kafin biki, kuma kada ku yi masa cinikin MDF.