Gwanintar Mai Awara

Awarar da ake saya da la'asar a lungunan Kano, aikinta tun daren jiya ya fara. An jiƙa waken suya ya kwana, da safe aka wanke shi aka kai markaɗe, aka tace ƙullin da ƙyalle har madarar ta fita fara tas, dusar kuma ta zama rabon awaki.

Wurin da gwana take bambanta da 'yar koyo shi ne bakin tukunya. Madarar tana tafasowa, kumfa na neman zubowa, sai ta rage wuta ta ɗauko ruwan tsami, wanda yawanci na gasarar koko ne da ya kwana, wasu kuma jiƙon tsamiya suke sa wa. Ba ta juye shi gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan take yarfawa, idonta a kan tukunyar, har madarar ta tsinke: farin ya dunƙule ya taso curi-curi, ruwan ya koma garai-garai. A nan take tsayawa. In tsamin ya zarce, awara ta yi tauri da ɗanɗanon tsami. In ya gaza, ta ƙi kama jikinta, ta farfashe a cikin mai. Babu ma'aunin da yake nuna mata wannan gaɓar, ido ne da sabo, kuma ni a ganina duk sana'ar a nan take.

Sai ta kwashe a ƙyalle, ta barbaɗa jajjagen attaruhu da albasa, ta ɗaure tam, ta danne da dutse ruwan ya tsane.

Mutanen Indunisiya ma gwanaye ne a wannan fage. Tahu goreng suke kiran tasu, kuma garin Sumedang da ke yammacin tsibirin Jawa ya yi suna da ita. Kafin suya sukan tsoma yankakkiyar awarar a ruwan gishiri da dakakkiyar tafarnuwa, su bar ta ta sha, sannan su ci da ɗanyen barkono kore. Dabara ce da ta dace da tamu ƙwarai.

Uwargida, ko a Kano kike ko a wani gari, ki bari mai ya yi zafi sosai kafin ki saka, kada ki cika kasko, kada kuma ki juya sai gefen ya yi ja. Ki ci da zafinta, da yajin ƙuli da kabeji.