Kafin a Sayo Fiya-fiya: Sharhi a Kan Littafin Pinniger da Ƙwarin da ke Cin Kayan Tarihi

Kwanakin baya wani abokina da ke kula da sito a wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi ya turo min hoto ta WhatsApp. Wasu ƙwari ne guda huɗu a kan farar takarda, jajaye-jajaye, kowanne bai wuce ƙwayar riɗi ba. A ƙasan hoton ya rubuta: "Malam, wane magani zan saya?" Bai ma tambayi ko su wane ne ba. Da na ce masa ya dakata, sai ya ce ai har an aiki yaro kasuwa ya sayo fiya-fiya.

Wannan ne ya sa na sake ɗauko littafin David Pinniger mai suna Pest Management in Museums, Archives and Historic Houses, wanda kamfanin Archetype na Landan ya buga a 2001, aka kuma fitar da sabon zubi mai faɗi a 2015. Pinniger masanin ƙwari ne ɗan Ingila. Ya daɗe a ɗakin binciken gwamnati da ke Slough yana aiki kan ƙwarin da ke ɓata abinci a ma'ajiya, kafin ya koma ba gidajen tarihi shawara. Duk wanda ya yi kwas kan kula da kayan tarihi da Turanci, da wuya a ce bai ci karo da littafin nan ba. Abin da nake son dubawa shi ne: me zai tsinana wa mai sito a Kano ko Sakkwato ko Yamai?

Ginshiƙin littafin abu ɗaya ne, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari: ka san sunan ƙwaron kafin ka nemi maganinsa. Dalili kuwa, dangin buzuzu, wato ƙwarin nan masu ɓawo mai tauri da ke rufe fikafikansu, yawansu ya kai dubu ɗaruruwa, amma waɗanda ke cin kayan tarihi 'yan kaɗan ne, kuma kowanne da abincinsa. Wasu gashi da fata da ulu da gashin tsuntsu suke ci. Wasu sai busasshen tsiro da abin da ke da sitaci. Wasu kuma itace. Idan ka gane wanne ne a hannunka, ka san akwatin da za ka buɗe. Idan ba ka gane ba, sai ka feshe ɗaki gaba ɗaya, mai ɓarnar yana can cikin wata gafaka yana ci hankalinsa kwance.

Wani abin da littafin ya fito da shi sarai, wanda mutane da yawa ba su sani ba: babban ƙwaron da ka gani yana yawo yawanci ba shi ne mai cin kayan ba, tsutsarsa ce. Ɗauki Anthrenus verbasci, ɗan mitsitsin nan mai zagaye da ɗigo-ɗigon fari da rawaya da baƙi, tsawonsa milimita 2 zuwa 3. Babban a waje yake kiwo, garin furanni yake ci, shi ya sa ake yawan tsintarsa a bakin taga yana neman hanyar fita. Tsutsar kuwa, mai gashi buzu-buzu, ita ke zama cikin duhu tana huda bargo da alkyabba. Saboda haka ganin babba a taga labari ne na abin da ya riga ya faru. Shaidar gaske tana cikin akwati: saɓar tsutsa, wadda take yarwa kamar yadda maciji ke yi, da ɗan garin kashinta, da gashin da ya zube a ƙarƙashin kaya.

A nan zane-zanen Annette Townsend da ke cikin littafin suka fi hoton waya amfani nesa ba kusa ba. Mu koma ga ƙwarin abokina. Akwai ƙwari biyu da ke kama da juna kamar an tsaga kara: Lasioderma serricorne, wanda ake kira ƙwaron taba, da Stegobium paniceum, ƙwaron biskit. Duka jajaye ne, duka ƙanana, duka suna sunkuyar da kai ƙarƙashin ƙirji. Bambancin yana wuri biyu. Ƙahonnin ƙwaron taba, waɗanda yake shinshina da su, haƙora-haƙora ne kamar zarto, bayansa kuma sumul. Na ƙwaron biskit suna ƙarewa da gaɓoɓi uku dogaye, bayansa kuma da layuka a jere kamar kunyoyin gona. Hoton waya ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai gilashin da ke ƙara girma sau goma. Manhajojin gane ƙwari da ake ta yayi yanzu kuwa, a kan ƙwaro mai milimita 2 zato kawai suke yi.

Haka kuma ina jinjina wa yadda ya koyar da karanta tarko mai danƙo. Ba duk abin da ya maƙale ne abokin gaba ba. Manyan baƙaƙen buzuzun ƙasa da ke shigowa da dare ba sa cin kaya, amma suna gaya maka cewa ƙarƙashin ƙofarka a buɗe yake, kuma gawarsu abinci ce ga tsutsar Anthrenus. Wasu 'yan mitsi-mitsi na dangin Latridiidae fumfuna kaɗai suke ci. Ganinsu na nufin akwai danshi a wani lungu, maganinsu kuma magini ne, ba mai feshi ba.

To, ina matsalar? Littafin ɗan Ingila ne, kuma bai ɓoye hakan ba. Ya taɓo ƙwarin ƙasashen zafi, amma nauyinsa yana kan abin da ke damun tsofaffin gidajen Turawa masu sanyi da laima. Mai karatu a nan, idan bai yi hattara ba, sai ya haddace ƙwarin da ba zai taɓa gani ba, ya bar waɗanda ke kwana da shi.

Misali Anobium punctatum, ƙwaron da ke huda kujeru da katakon rufi a Turai. Yana son itace mai danshi da wuri mai sanyi, tsutsarsa kan yi shekaru uku ko fiye a ciki. Wurin da hunturu ke busar da iska har laima ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari ba wurinsa ba ne. Masu huda mana akushi da kujerar zama da ƙotar fartanya wasu ne daban: dangin Lyctus, irin su Lyctus africanus, masu bin sitacin da ke cikin farin itace, da Dinoderus minutus mai cin gora da kwanduna. Garin da suke zubarwa ma ya bambanta. Na Anobium tsaki-tsaki ne idan ka murza a yatsa, na Lyctus kuwa laushi kamar hoda. Wannan ɗan gwajin yatsa ya fi shafi goma amfani ga mai sito.

Sai Dermestes maculatus, wanda a ganina ya kamata ya zama babi na farko da a ce an rubuta littafin dominmu. Duk mai sayar da banda ya san shi ko da bai san sunansa na Latin ba: baƙi a sama, fari a ciki, ya kai milimita 6 zuwa 10, tsutsarsa mai gashi da ratsi a gadon baya. Shi ke cinye busasshen kifin da ake ɗaukowa daga Tafkin Chadi, shi ke ɓata ɗanyar fata kafin ta isa majema. A gidan tarihi, kirgin da aka jeme da bagaruwa sosai bai cika jan hankalinsa ba. Abin da yake so shi ne fatar da ba a jeme ba ko wadda ta rage da maiƙo: fuskar kalangu da kotso da tambari, garkuwar fata, dabbobin da aka cusa wa auduga don nuni. Kuma idan tsutsar ta ƙoshi, takan huda itacen da ke kusa don ta kwanta ta rikiɗa, sai ɓarna ta zama biyu. Abin mamaki, wannan ƙwaron ne wasu gidajen tarihi, kamar Field Museum na Chicago, ke kiwonsa da gangan don ya share musu nama daga ƙasusuwan dabbobi. Suna dai killace shi nesa da sauran kaya.

Ga kuma Trogoderma granarium, wanda ya addabi dalar gyaɗa a Kano tun zamanin Turawa. Tsutsarsa na iya laɓewa cikin tsaga ta yi shekaru ba ta ci komai ba. Shi da 'yan uwansa ba a rabe su da gilashin hannu, sai masani ya feɗe su a ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan halittu. A nan dole mai sito ya sa samfur a kwalba ya kai sashen nazarin ƙwari na jami'a mafi kusa.

Wani ɗan abin dariya: akwai ƙwaron da ke ba gidajen tarihin Landan ciwon kai, Attagenus smirnovi, wanda suke yi wa laƙabi da ƙwaron bodka saboda sunansa ya yi kama da na wata giya. Asalinsa daga Afirka ne. A Mosko aka fara lura da shi a 1961, aka raɗa masa suna a 1973 don karrama wani masanin ƙwari, Smirnov. Wato su ma namu ne ke bin su, tun da suka fara ɗumama gidajensu.

Matsala ta biyu ita ce lokaci. Tsarin da aka saba a Ingila shi ne a duba tarko sau huɗu a shekara. Wannan ya dace da ƙwaron da ke ɗaukar shekara ɗaya ko biyu daga ƙwai zuwa babba. A zafin digiri 30, ƙwaron taba kan kammala wannan zagaye cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Kafin wata uku su cika, 'ya'ya sun zama iyaye. Ga ƙurar hunturu da ke rufe danƙon tarko ta mayar da shi kwali kawai, ga tsaka da ke faɗawa ciki ta mutu ta zama abincin Dermestes. Da ruwan farko kuma shinge ya taso ya bi fitila, gawarwaki su taru a bayan kabad. Ni dai a nan zan ce duk wata, da damina ma duk sati biyu, kuma tsintsiya ta riga tarko.

Ta uku ita ce magani. Hanyar da aka fi dogara da ita a can ita ce daskarewa: a naɗe kaya a leda, a sa a firiza mai digiri 30 ƙasa da sifili na kwana uku, ko mai digiri 18 ƙasa da sifili na sati biyu. Kimiyyar daidai take. Amma sati biyu ba a ɗauke wuta ba? Firizar da ke daskarewa tana narkewa ba za ka iya rantsuwa ta kashe ƙwai ba. Abin da muke da shi a wadace shi ne rana. Zafin da ya haura digiri 52 zuwa 55, idan ya ratsa har cikin kayan, yana kashe ƙwai da tsutsa da babba cikin 'yan sa'o'i. Tom Strang na cibiyar kula da kayan tarihi ta Kanada ya yi aiki kan dabarar naɗe kaya cikin baƙar leda a ajiye a rana, kuma masu binciken noma a Marwa ta Kamaru sun daɗe da gwada irin wannan a kan wake. Da za a rubuta mana namu littafin, wannan ce za ta zo a gaba, firiza ta biyo baya. Sai dai a kula: ba a yi wa abin da ke da kakin zuma ko danƙo ko fenti haka, ba a yi wa ganga mai ɗaurarriyar fata, kuma dole a sa ma'aunin zafi a ciki, a rufe ledar ruf don kada kayan su bushe su tsage.

Wani zai ce ai muna da buhun PICS da manoma ke adana wake ba tare da magani ba. Tunanin yana kan hanya, amma akwai tarko a ciki. A buhun wake, numfashin dubban ƙwari ne ke cinye iskar oksijin har su shaƙe. Riga ɗaya mai tsutsa biyar ba za ta yi haka ba. Sai an haɗa da 'yan ƙunshin sinadarin da ke zuƙe oksijin, da leda ta musamman wadda iska ba ta ratsawa, a bar shi kamar sati uku.

Inda na fi tsayawa tare da Pinniger shi ne batun feshi. Gidajen tarihin Turai sun yi shekaru suna barbaɗa asinik da sinadarin makuri da DDT, yau ga shi ma'aikatansu na taɓa tsofaffin kaya da safar hannu saboda gubar ba ta tafi ba. Daikulobos, sinadarin da ake yawan haɗa fiya-fiya da shi, yana iya sauya launin wasu rini, yana cin ƙarfe, ba ya kuma kai wa ga tsutsar da ke can cikin itace. Ƙwayar fostoksin da ake jefawa cikin buhun hatsi tana ɓata tagulla da azurfa, ban da haɗarinta ga rai a rufaffen ɗaki. Ka tuna irin abin da ake ajiyewa a wurare kamar Gidan Makama a Kano, da Arewa House a Kaduna, da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai: kayan sarauta, kayan doki, rubuce-rubucen hannu da babu kwafinsu a ko'ina. Idan launi ya tashi daga rigar da ta shekara ɗari, babu marinar da za ta dawo da shi.

Shi kuwa abokina, na sa ya ari gilashi daga wani malamin bayoloji. Ƙahonni kamar zarto, baya sumul: ƙwaron taba ne. Na ce ya bar wajen tufafi, ya nufi duk inda busasshen tsiro ko sitaci yake. Ya same su a kwali ɗaya, cikin ganyaye da saiwoyin maganin gargajiya da aka kawo kyauta aka shigar sito ba tare da an killace su ba. Taku biyu daga nan akwai kantar littattafan hannu, waɗanda kwalin tadarishinsu da kunun sitaci ake liƙa shi, abin da tsutsar ƙwaron nan ke so ƙwarai. Ya fitar da kwalin, ya naɗe shi a baƙar leda ya kai rana, ya share kantar, ya ɗana tarko uku a ƙarƙashinta. Littattafan kuma yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan farar takarda yana neman gari. Jiya ya ce ya kai na goma sha huɗu, biyu sun nuna huji, kuma ya ware su cikin leda har a ga ko hujin sabo ne.