Waƙar Situdiyo da Batun Amshi

Masu cewa samarin da ke haɗa waƙa da kwamfuta a Garwa da Mokolo ba mawaƙa ba ne, hujjarsu ɗaya ce kullum: ba su gaji kiɗa ba, ba su taɓa rataya kalangu ba, na'ura ce ke gyara musu murya. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba, kuma har ya rasu a 1999 wasu ne ke kaɗa masa kalangu. Kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwani ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Wa ya taɓa raina shi don arhar kayan kiɗansa?

Fiyanon Yamaha ya shiga waƙar Hausa ta finafinan Kano a shekarun 1990, fim ɗin Sangaya ya ƙara masa farin jini, daga baya FL Studio ya mayar da ɗaki ɗaya situdiyo. Waƙoƙin suka bi hanyar Mubi cikin memori suka hau duwatsun Mandara, har yaron Mokolo, da ya tashi tsakanin Fulatanci da Mafa da Hausa, ya ga shi ma zai iya. Algaita da kakaki suna nan a fadar Lamiɗo, ba wanda ya kore su.

Ni inda nake kasa kunne shi ne amshi. A waƙar Shata, 'yan amshi gindin waƙa kawai suke maimaitawa, amma dubi inda yake shigowa: ba ya jira su kai ƙarshe, sai ya faɗo kan gaɓarsu ta ƙarshe, sabon ɗan waƙa ya hau wutsiyar amshi, numfashin waƙar bai yanke ba. A gidan Narambaɗa da Ɗanƙwairo aikin ya fi haka wuya, domin jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su yi ƙari su sauke ta kan gindi. Wannan sakin, sanin daidai inda za a bar magana a hannun wani, shi ne gwaninta.

Kwamfuta ba ta iya yi wa kowa wannan. Tana daidaita murya, tana ninka ta sau huɗu ta zama kamar taron 'yan amshi, amma ba ta san inda ya kamata a shigo ba. Saurari waƙar biki da aka haɗa cikin gaggawa: an yanko amshi an liƙa bayan kowane baiti, tsawonsa ɗaya, jagora na tsaye yana jiran layinsa, tsakaninsu akwai ɗan rami da kunne ke ji. Sannan saurari Aminu Ala ko Nura M. Inuwa, waɗanda su ma a situdiyo suke aiki, ka ji yadda ƙarshen baiti ke kiran amshi tun kafin ya zo, har matan da ke gidan biki su karɓa ba tare da an koya musu ba.

Abin da ke damuna shi ne ƙari yana ɓacewa. Mutum ɗaya da makirufo ɗaya ba shi da wanda zai sakar wa magana, sai ya rera duka da kansa. Masu situdiyon Garwa da Marwa su riƙa shigo da mutum biyu ko uku ɗakin ɗauka a lokaci guda, su bar jagora ya saki baiti, a ga wanda zai cafe.