Kibiyar Taswira da Guguwar Teku

A watan Disamba na 1497 jiragen Vasco da Gama suka wuce iyakar da Bartolomeu Dias ya kai a 1488, suna bin gaɓar kudancin Afirka sun nufi Indiya. A lissafin matuƙan, gaba suke ci. Da ƙasa ta sake bayyana sai ga su a gefen wani ɗan tsibiri da suka riga suka bari a baya kwanaki da suka wuce. Ashe ruwan da suke bisansa ne yake janye su, yana cinye duk tafiyar da suka yi. Sai da iska mai ƙarfi ta taso musu ta baya sannan suka iya keta shi.

Wannan ruwa shi ake kira Agulhas. Yana gangarowa ta gabashin Afirka ta Kudu, ya wuce Durban da East London da Gqeberha, ɗauke da ɗumin Tekun Indiya zuwa kudu maso yamma. Faɗinsa kamar kilomita 100 ne, kuma a tsakiyarsa yakan yi gudun mita 2 a daƙiƙa. Awon da aka yi a 'yan shekarun nan ya nuna yana wucewa da kubik mita miliyan 70 zuwa 80 na ruwa a kowace daƙiƙa, alhali duk kogunan duniya in an haɗa su, har da Amazon da Kwango da Neja, kaɗan suka ɗara miliyan 1. Dalilin wannan ƙarfi kuwa sai a 1948 Henry Stommel ya warware shi. Iska tana tura ruwan faffaɗan teku sannu a hankali zuwa wajen ikwaita, dole kuma ruwan ya sami hanyar komowa. Da yake tasirin juyawar duniya a kan ruwa yana ƙaruwa ne gwargwadon nisa daga ikwaita, sai hanyar komowar ta matse a jikin gaɓar yammacin tekun. Yammacin Tekun Indiya kuwa Afirka ce. Haka abin yake ga Gulf Stream a gefen Amurka da Kuroshio a gefen Japan.

A taswira, duk wannan kibiya ɗaya ce ja, mai lanƙwasa, mai santsi. Al'adar zana ruwan teku da kibiya tana da tarihi, kuma tarihin ne ya nuna abin da ta gani da abin da ya kuɓuce mata.

Asalinta kundin tafiyar jirgi ne. Kullum da rana tsaka jami'in jirgi yakan auna tsayin rana da na'urarsa, ya duba agogo, ya fitar da inda jirgin yake. A gefe guda kuma yana da lissafin inda ya kamata a ce jirgin yake, bisa alƙiblar da aka bi da gudun da aka auna da igiya mai ƙulle-ƙulle da ake saki a bayan jirgi. Wuraren biyu ba sa cika haɗuwa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ake ɗora wa ruwa, a rubuta cewa ya ja jirgi mil kaza zuwa kudu a kwana ɗaya. Ke nan adadi ɗaya tak ake samu a wuni, bayan jirgi ya ci tafiyar kilomita ɗari biyu ko fiye, kuma a cikin adadin akwai turin iska da kuskuren mai riƙe da sitiyari.

James Rennell, Baturen Ingila da ya yi aikin safiyo a Bengal, shi ya fara tattara irin waɗannan adadi ya fitar da taswirar ruwan Agulhas a 1778. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, har ya fahimci cewa yawancin ruwan yana juyawa gabas ne maimakon ya zagaye Afirka. Wannan Rennell ɗin dai shi ya zana wa Mungo Park taswira, ya shata duwatsun Kong da babu su a Afirka ta Yamma, ya kuma dage cewa Kogin Neja a wata fadama yake ƙarewa a cikin ƙasa. A teku yana da kundin matuƙa a hannu, a kan Neja kuwa ji-ta-ji-ta ya bi. Ya rasu a 1830, shekarar da Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin har bakin teku. Bayan Rennell, Matthew Fontaine Maury na Amurka ya faɗaɗa aikin, ya sa aka yi taro a Brussels a 1853 inda ƙasashe suka amince da tsari ɗaya na rubuta bayanan jirgi. Daga nan dubban kundi suka taru, aka riƙa fitar da matsakaicin kowane yanki na teku, a zana kibiya.

Matsalar tana cikin fitar da matsakaicin. Idan ruwa yana juyi a wuri, jirgin da ya bi ta gefe ɗaya zai rubuta an ja shi kudu, wanda ya bi ta ɗaya gefen ya rubuta an ja shi arewa. A haɗa a raba, juyin ya ɓace. Hanyar awon ita kanta ba za ta iya ganin abin da ke kewayawa ba, don haka aka shafe fiye da ƙarni ɗaya ana ɗaukar teku a matsayin manyan koguna masu tafiya a natse cikin ruwa mai kwanciya.

Wannan zato ya fara rushewa ne a wajajen 1960, lokacin da John Swallow ya saki wasu bututu masu shawagi a zurfin teku kusa da Bermuda, inda ake tsammanin ruwa kusan a tsaye yake. Bututun suka yi ta gudu, kowanne da inda ya nufa. Gwajin da Tarayyar Sobiyet ta yi a Atlantika a 1970, da wanda Amurka da Ingila suka yi a 1973, sun tabbatar cewa teku cike yake da dunƙule-dunƙulen ruwa masu juyawa. Kamar guguwar da ke tashi a fili da rani ce, tana juyi tana tafiya ɗauke da abin da ta sura, sai dai ta teku faɗinta kan kai kilomita ɗaruruwa, kuma takan yi watanni ko shekaru ba ta mutu ba. Yau an san cewa mafi yawan ƙarfin motsin teku a cikin waɗannan guguwoyi yake.

Babu inda kibiya ta sha kunya kamar a mashigin Mozambik, tsakanin Afirka da Madagaska. Littattafan labarin ƙasa, har da waɗanda ɗalibai ke haddacewa don jarrabawar WAEC, suna lissafa ruwan Mozambik a cikin kwarara masu ɗumi, su zana shi miƙe yana zuba cikin Agulhas. A shekarar 2000 masu bincike daga Holan suka shiga mashigin da jirginsu Pelagia, suka kafa na'urori a inda ya fi ƙunci. Ba su sami wani miƙaƙƙen ruwa ba. Abin da suka samu jerin manyan guguwoyi ne, huɗu ko biyar a shekara, kowace faɗinta ya kai kilomita 300, zurfinta har kusan ƙasan teku, suna gangarawa kudu ɗaya bayan ɗaya. Jiragen da ke bin gaɓar Mozambik kullum ta gefen yammacin guguwoyin suke wucewa, inda juyin yake fuskantar kudu, shi ya sa kundinsu ya haifi kogin da babu shi.

Shi Agulhas kansa yana nan, kuma tsakanin Durban da Gqeberha kibiyar ta yi gaskiya a yawancin kwanakin shekara. A nan gangaren ƙasan teku yana da tsini, shi ke riƙe ruwan a kan hanya ɗaya. Amma a arewa da Durban, wajen Richards Bay, gangaren ya yi sauƙi, riƙon ya sassauta. Idan guguwa daga mashigin Mozambik ko daga kudancin Madagaska ta bugi ruwan a wurin, sai ya yi wani ƙaton lanƙwaso ya fita teku, da guguwar ruwan sanyi a cikin lanƙwason. Johann Lutjeharms, masanin Jami'ar Cape Town da ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan ruwa, shi da abokin aikinsa suka bayyana abin a 1988 daga hotunan tauraron ɗan'adam, suka laƙaba masa suna bugun Natal. Lanƙwason yakan gangara da gudun kamar kilomita 20 a rana, ya ture ruwan daga gaɓa da nisan fiye da kilomita 100. Matuƙin da ya dogara da taswira a irin wannan mako zai tarar ruwan da ya sa ran zai tura shi gaba yana tura shi baya.

Babban wasan yana can kudu da Afirka, inda ƙasa ta ƙare, ruwan ya rasa bangon jingina. Yakan zarce kudu maso yamma da ƙarfin gudunsa, sannan ya yi kwana ya koma gabas cikin Tekun Indiya. Kwanar ba ta zama wuri ɗaya. Tana miƙewa yamma a hankali har wuyanta ya tsuke ya tsinke, wani zoben ruwan ɗumi mai faɗin kilomita 200 zuwa 300 ya ɓalle, yana juyi saɓanin hannun agogo. Hakan kan faru kamar sau biyar ko shida a shekara. Zobban sukan nufi arewa maso yamma cikin Atlantika, kilomita kaɗan a rana, su haye tudun Walvis da ke ƙarƙashin ruwa, wasu ma su kai kusa da Brazil bayan shekaru. Ruwan da suke ɗauke da shi ya fi na kewayensu ɗumi da gishiri. Arnold Gordon ya nuna a 1986 cewa wannan yoyo yana cikin hanyoyin da ruwa ke komawa arewacin Atlantika don maye gurbin wanda ke nutsewa can, wato yana da hannu a babban zagayen da ke kai ɗumi Turai. A taswirar makaranta kuwa babu ko alamarsa.

Bai kamata a raina kibiyar ba, don ta yi wa 'yan kasuwa aiki. Da aka rufe mashigin Suez daga 1967 zuwa 1975, tankokin man da ke fitowa daga yankin Gulf suka koma zagaye Afirka, kuma da gangan suke hawa tsakiyar Agulhas don rage kwanaki da mai. Abin da kibiyar ba ta gaya musu ba shi ne yadda ruwan yake yi idan raƙuman ruwa daga hadarin kudu maso yamma suka zo suka yi karo da shi gaba da gaba. Tazarar da ke tsakanin raƙumi da raƙumi takan gajarce, tsayinsu ya ƙaru, wani lokaci rami mai zurfi ya buɗe a gaban jirgi. A watan Yuni na 1968 tankar World Glory ta karye gida biyu a gefen Durban. A 1973 Neptune Sapphire ta rasa goshinta. Kyaftin J. K. Mallory ya bi diddigin irin waɗannan haɗurra a 1974, ya ba da shawarar da har yanzu ake bi: idan irin wannan yanayi ya taso, jirgi ya matso gaɓa, ya shiga ciki da layin zurfin mita 200, ya bar wa ruwan tsakiyarsa.

Sababbin kayan aiki ma suna da nasu makanta, kuma hoton zobe mai launi da ake yawan bugawa yanzu yana neman zama sabuwar kibiya. Tauraron da ke auna ɗumin ruwa gajimare na rufe masa ido. Wanda ke auna tudun fuskar teku, tun daga TOPEX/Poseidon na 1992, yana ganin zobba sarai saboda tsakiyarsu a kumbure take, amma awonsa yakan rikice a kusa da gaɓa, inda ruwan ya fi ƙarfi. Dukansu fuska kawai suke gani. Sai da Lisa Beal da Harry Bryden suka sauke na'ura daga jirgi sannan suka ba da labari a 1997 cewa akwai wani ruwa a ƙarƙashin Agulhas, manne da gangare, yana tafiya arewa. Bincike ya kuma nuna cewa kaso mai yawa na ruwan da ke shiga Atlantika ta siraran zirin ruwa da tarwatsattsun guguwoyi yake bi, shi ya sa ƙiyasin yawan yoyon ya daɗe yana yawo tsakanin kubik mita miliyan 2 zuwa 15 a daƙiƙa. Tsarin kwamfuta na hasashen yanayi da ke yanka teku gida-gida mai faɗin kilomita 100 kuwa bai iya haifar da zobe yadda ya kamata, don haka hasashensa a kan wannan yanki abin a yi hattara da shi ne.

Daga 2010 zuwa 2013 Beal, daga Jami'ar Miami, ta jagoranci kafa jerin igiyoyin na'urori a ƙasan teku, sun ratsa ruwan kudu da East London. Aka haɗa awon shekara ukun da bayanan tauraro na shekara 22. Ana sa ran a ga ruwan ya ƙara ƙarfi, tunda iskar yankin ta ƙaru. Sakamakon da ita da Shane Elipot suka buga a mujallar Nature a 2016 ya nuna wani abu dabam: yawan ruwan bai ƙaru ba, faɗi ya yi, domin ƙarin ƙarfin iskar ya tafi ne wajen haifar da lanƙwaso da guguwoyi. Mai fitar da matsakaici zai ce babu abin da ya canja.

Jerin na'urorin da ya gaji wancan, wanda Afirka ta Kudu ta shiga, an kwashe shi a 2018. Daga ƙarshen 2023 kuma hare-haren Bahar Maliya sun sake karkato manyan jiragen kaya zuwa kudancin Afirka, ta kan ruwan da awonsa na kai-tsaye mafi tsawo bai wuce shekara uku a jere ba.