Lura Ba Tare da Hukunci Ba: Tarke a Kan Littafin Jon Kabat-Zinn Ta Fuskar Muraƙaba

A shekarar 1979 wani masanin kimiyyar halittu mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe sashen rage damuwa a cibiyar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, inda likitoci ke tura masa majinyatan da magani ya kasa raba su da ciwo. Abin da ya koyar da su ne ya tattara a littafinsa Full Catastrophe Living na shekarar 1990. Horo ne na mako takwas. Majinyaci yakan ware kimanin minti 45 a kullum yana bin numfashinsa da hankali, ko yana zagaya gaɓoɓinsa da tunani tun daga ɗan yatsan ƙafa har zuwa ka. A zaman farko ma busasshen inabi ake ba shi ya duba, ya shinshina, ya tauna sannu a hankali. Manufar ita ce ya saba da lura da halin da yake ciki a daidai lokacin da yake cikinsa, ba tare da yanke masa hukunci ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne bambancin da ya fitar tsakanin martanin da ke kubce wa mutum da amsar da yake zaɓa. Idan aka tsokani mutum, jikinsa yakan riga hankalinsa: zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya gajarta, haƙora su cije, sannan baƙar magana ta fita. Marubucin ya nuna cewa wanda ya saba gane waɗannan alamomi tun suna tsirowa yakan sami ɗan sarari kafin harshensa ya motsa, kuma a wannan sararin zaɓi yake. Bayanin ya fita sarai, kuma bincike ya goyi bayansa gwargwado. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tace sakamakon gwaje-gwaje 47, ya sami hujja matsakaiciya cewa irin wannan horo yana sassauta fargaba da baƙin ciki da raɗaɗi, amma bai sami hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba.

Ɗalibin da ya karanta Ihya'u zai ji kamar an bi da shi ta tsohuwar hanyar gidansu. Imam al-Gazali (ya rasu 505H/1111M), a littafin da ya yi sharhin abubuwan al'ajabi na zuciya, ya jera matakai huɗu da ke gabatar aiki: haɗari, wato tunanin da ke ɗarsuwa, sai karkatar ɗabi'a, sai hukuncin zuciya cewa ya kamata a aikata, sai himma da azama. Na farko da na biyu ba a kama bawa da su, domin ba su shiga ƙarƙashin zaɓinsa ba. Wannan rarrabewa tana yin aikin da Kabat-Zinn ke nema, wato raba mutum da zaton cewa duk abin da ya gifta a ransa shi ne shi. Sunna kuma ta umarci mai fushi da ya yi shiru, ya zauna in yana tsaye, ya kwanta in zaman bai isa ba. Duka wannan sayen lokaci ne kafin harshe ko hannu ya riga hankali.

Sai dai kamannin bai wuce nan ba. Kalmar da horon ya ginu a kanta ita ce sati, daga harshen Pali na littattafan addinin Buddha, kuma asalin ma'anarta tunawa. A can ita ce ta bakwai cikin rukunai takwas na tafarkin, tana tafe da gyaran magana da aiki da hanyar neman abinci. Kabat-Zinn ya zare ta daga cikin 'yan uwanta domin ta shiga asibiti ba tare da rigar addini ba, kuma a iya yi masa uzuri, tun da mai ciwon baya ba wa'azi ya je nema ba. Amma da horon ya fita daga asibiti ya shiga kamfanoni irin su Google da kuma barikokin soja, sai giɓin ya bayyana. Ronald Purser, wanda shi kansa mabiyin Buddha ne, ya yi wannan suka a littafinsa McMindfulness na 2019: ana koya wa ma'aikaci ya kwantar da ransa a kan zaluncin da ya kamata ya tayar masa da hankali. Natsuwar da ba ta san halal da haram ba tana yi wa mai cin amana hidima kamar yadda take yi wa mai haƙuri.

Muraƙaba ba ta da wannan giɓin, domin tana da Wanda ake tunawa. Tushenta shi ne bayanin ihsani a hadisin Jibrilu, inda bawa ke aiki da sanin cewa ana ganinsa. Saboda haka mai muraƙaba yana lura ne domin ya tantance. Harisu al-Muhasibi (ya rasu 243H/857M) ya gina littafinsa Ri'aya a kan tsayawa a gaban kowane haɗari har a gane inda ya fito, al-Gazali kuma ya sa tambayoyi uku a gaban kowane aiki: don me, ta yaya, kuma don wa. Adalci ne a faɗi cewa Kabat-Zinn bai nufin a jefar da basira. Abin da yake yaƙa shi ne saurin laƙaba wa kowane abu so ko ƙi. Amma bai ba mai karatu ma'aunin da zai koma gare shi bayan ya gama lura ba, ya dogara da cewa hikima za ta ɓullo da kanta daga natsuwa. Wannan fata ne, kuma littafin bai kafa masa hujja ba. Akwai fushin da haɗiye shi ibada ne, akwai kuma wanda rashinsa mutuwar zuciya ce, irin na ganin an ci dukiyar maraya. Bugun zuciya iri ɗaya ne a duka biyun.

Batun taraddudi ya fi wuya. Cikin halaye bakwai da marubucin ya gina horonsa a kansu akwai barin fafutuka. Yakan nemi majinyaci ya faɗi buri uku da suka kawo shi, sannan ya ce masa ya ajiye su har makonnin takwas su ƙare. Ga mai fama da rashin barci wannan hikima ce, domin barci yakan guje wa mai farautarsa. Haka ma wanda waswasi ya ɗaure, kuma fiƙihun Malikiyya ya daɗe da sanin maganinsa: duk wanda ya karanta Ahalari ya san cewa mai yawan kokwanto a salla ba ya bin kokwantonsa, yana kawar da kai ne ya yi sujjada ba'adiyya. Amma ba kowane jinkiri ne waswasi ba. Ɗalibin da ya shekara biyu yana juya babin farko na kundinsa zai iya zama ya lura da tsoronsa na gazawa, ya ga yadda yake matse masa ƙirji, ya tashi cikin natsuwa ba tare da ya rubuta layi ɗaya ba. Shi wannan ba fafutuka ce ta yi masa yawa ba. Malaman tarbiyya suna kiran cutarsa taswifi, wato yawan cewa "sai gobe", kuma sun danganta ta da dogon buri.

Maganin da suka ba ta yana da jeri: shawara, sai istihara, sai azama, sannan tawakkali, kamar yadda aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana ta sa dogaro ga Allah bayan shawara da ƙulla niyya. Hatta muraƙaba, a tsarin al-Gazali, ita ce ta biyu cikin matakai shida. Kafin ta akwai musharaɗa, inda bawa ke gindaya wa ransa sharuɗɗan yini tun da asuba, bayanta kuma akwai muhasaba da dare. Littafin Kabat-Zinn ya ɗauki abin da ya yi kama da matakin tsakiya, ya goge shi har ya yi sheƙi, amma majinyacinsa ba shi da sharaɗin safiya da zai lura da cikarsa, ba shi kuma da hisabin dare.

Malamin da ke karɓar koken ɗalibai zai amfana da surorin da suka yi bayanin alamomin jiki da yadda ake horar da hankali a kansu, domin sun fi littattafan tasawwufi da yawa saukowa ga daƙiƙa da minti. Surorin da suka ɗauki lura a matsayin tafarkin rayuwa mai cin gashin kansa kuwa suna bukatar a karanta su da littafi na 38 na Ihya'u a buɗe a gefe.