Aya da Waƙafi a Gaban Kyamara: Nazari kan Rubutun Fim daga Kano zuwa Kafanchan

Rubutun fim rubutu ne da mai kallo ba ya gani, shi ya sa marubuta da dama suke ganin ba sai sun wahalar da kansu da nahawu da alamomin rubutu ba, tunda murya da hoto ne za su isa ga jama'a. A ganina wannan dalilin ne ma ya wajabta musu su fi kowa kula. Mai karanta littafi idan ya ci karo da jimla mai harshen damo, yana iya komawa baya ya sake dubawa. Takardar fim kuwa tana bi ta hannun furodusa da darakta da jarumai da mai tace hoto da mai fassara, kowa ya yi aiki da abin da ya fahimta. Sau da yawa marubucin ba ya wurin ɗauka balle a tambaye shi me yake nufi.

Sakacin yana da asali. Fim ɗin Hausa ya taso ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, irin su Tumbin Giwa ta Kano da ta fitar da Turmin Danya a 1990. A shekarun farko, abin da aka saba shi ne darakta ya bayyana wa jarumai abin da zai faru a fitowa, su kuma su zuba zancen da ka. Hakan ya yi aiki a lokacin da labari bai wuce kaset ɗaya ko biyu ba. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, da yaɗuwar finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, da Izzar So a YouTube, al'amari ya sauya. Labarin da zai shekara yana tafiya, wanda ake ɗaukar fitowa ta arba'in kafin ta biyar, ba ya zama a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Dole ya zauna a takarda, kuma dole takardar ta faɗi abu ɗaya ga duk wanda ya buɗe ta.

A nan ne rubutun Hausa yake da wata siffa da ta ƙara wa marubuci nauyi. Ba ma nuna karin sauti a rubutun yau da kullum, ba ma nuna tsawon wasali, alhali da su harshen yake rarrabe ma'ana. A ɗauki fitowar da uwa take fuskantar ɗanta a kan matarsa, marubuci ya rubuta mata “ka sake ta” ba tare da wata alama ba. Idan aka sa aya, tana iya zama uwa ce mai tabbatar da abin da ya riga ya faru, cikin baƙin ciki. Idan aka sa alamar tambaya, uwa ce da labarin ya zo mata ba zato. Idan aka sa alamar motsin rai, uwa ce mai tilasta wa ɗanta ya rabu da matarsa. Halaye uku ne mabambanta, kowanne da fuskar da jaruma za ta yi da inda labarin zai dosa. Marubucin da ya bar wurin babu alama ya miƙa wa wani hukuncin da shi kaɗai ya kamata ya yanke.

Haka batun haruffa masu ƙugiya da raba kalmomi. Yawancin takardun fim yanzu a waya ake buga su, a tura ta WhatsApp, kuma ɗabi'ar hirar waya ta bi su. Wanda ya rubuta “ka bata kudin” bai gaya mana ko a ba ta kuɗin ake nufi ko an ɓata kuɗin ba. Ƙa'idojin da suka warware wannan ba sababbi ba ne. Hanns Vischer ya wallafa dokokin rubutun boko a 1912, aikin Rupert East a Zariya ya kafa haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara yaɗa su ga jama'a daga 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sannan aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 don daidaita rubutun. Gado ne da aka sha wahala aka tara, kuma wayoyin yau suna da madannai masu ɓ da ɗ da ƙ.

Idan aka sauko Kudancin Kaduna, batun yana ƙara zurfi. Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, ta bunƙasa ne da zamanta mahaɗar layin dogo tun 1927, ta tara Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Kaninkon da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa. Hausa ce take haɗa su a kasuwa da tasha da majami'a da masallaci, amma ba Hausa iri ɗaya ba ce. Akwai ta gidajen da aka haife su da ita. Akwai ta majami'a, wadda fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta ba ta kalmomi da salo, ita ce ake ji a wa'azi da waƙoƙin Zumuntar Mata. Akwai kuma ta masu jin ta a matsayin harshe na biyu, inda da yawa ba sa bambanta jinsi, su ce “yarinya ya zo”, kuma ƙ takan koma k a bakinsu.

Matashin da yake rubuta wasan majami'a ko gajeren fim a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi yana iya cewa, tunda haka mutanena suke magana, me zan yi da daidaitacciyar Hausa? Amsar ita ce takardar fim murya biyu ce. Bayanin wuri da lokaci da motsi muryar marubuci ce, wajibi ne ta bi ƙa'ida domin kowane ma'aikaci, ko daga Jos ya zo ko daga Kano, ya gane ta. Zancen 'yan wasa kuwa muryar mutanen labarin ce, kuma haƙƙin manomin citta ne ya yi magana yadda manomin citta yake yi. Sai dai jarumi ba zai san cewa “ya zo” da aka sa a bakin wata tsohuwa da gangan ne ba, sai in sauran takardar ta nuna marubucin ya san “ta zo”. Idan kuskure ya cika ko'ina, jarumi zai gyara abin da aka so a bari, ya bar abin da ya kamata a gyara.

Wannan ya shafi mutunci. Finafinan barkwanci sun daɗe suna amfani da karyayyar Hausa don a yi wa wasu ƙabilu dariya, kuma yawanci ba a kan sauraro aka gina ta ba, ƙari ne da kwaikwayo. Marubucin da ya san nahawu shi ne zai iya lura da ainihin inda Hausar Kagoro ta rabu da ta Kano, ya rubuta ta daidai gwargwado, ya ba mai ita hankali da hikima. A yankin da ya ga rikicin 1987 da na 2011, jimlar da aka bari tana karɓar fassara biyu a bakin fasto ko liman ba ƙaramin ganganci ba ne.

Fassarar Turanci da ake sawa a ƙasan hoto, wadda masu kallo suka daɗe suna kuka da ita, ita ma daga takardar fim ciwonta yake farawa, domin mai fassara ba zai daidaita abin da ya zo masa a karkace ba.

Gyaran yana hannunmu. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna suna nan a yankin, Jos kuma, mazaunin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, ba ta da nisa. Ya kamata kowace ƙungiyar wasa ta ware mutum ɗaya mai duba rubutu, furodusa ya sa ladansa a kasafi kamar yadda yake sa na mai kyamara, sannan a zauna a karanta takardar da baki kafin a fita ɗauka. Duk layin da jarumai biyu suka karanta ta hanya biyu, a mayar wa marubuci ya faɗi wadda yake nufi, ya sa mata alamarta.